Mun Ce Masa Kawu Ya Tafi Kano

Daga Allah muka fito, wurinsa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Kawu ta zo da hantsi, yana zaune a bencin ƙofar gidansa a Agege, rediyo a cinyarsa. Matarsa, wadda duk muke kira Iya, ta fito masa da shayi ta tarar ya jingina kansa da bango. Ta ce ta yi ta yi masa magana har ta fara faɗa, don ta ɗauka shirun nan nasa ne da ya saba.

Ina lodi a Iyana Ipaja aka kira ni. Direban danfo ne ni, bas ɗin hayan nan ta Legas. Na ba fasinjojin da suka shiga haƙuri, na sauke su, na juyo da mota. Ban yi kuka a hanya ba, ban yi a wurin wanka ba, ban yi a maƙabarta ba. Har yau da nake wannan rubutu ban yi ba. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Na faɗi haka ne don kada mai karatu ya sa rai da kalmomi masu daɗi. Karatuna bai yi nisa ba, abin da na gani shi zan iya faɗa.

Layin gidan matsattse ne, rumfar da aka hayo ta toshe shi gaba ɗaya. 'Yan okada, masu acaɓa, su shigo da gudu suna tsaki, in suka ga tabarmi sai su ɗaga hannu su juya. Mutanen unguwa sun zo kamar yadda ake zuwa, a yi addu'a, a shafa, a tashi. Amma akwai waɗanda ba mu sani ba, kuma su suka fi daɗewa. Wani dattijo mai ƙanshin albasa a riga ya zauna a gefen tabarma har aka kira la'asar. Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ke karɓar gaisuwa, ya ce masa, "Malam, a ina kuka san marigayin?"

Ya ce, "A hanya."

Wata Bayarabiya ta durƙusa gaban Iya tana ta "e pele, e pele", sannunsu ke nan, ta riƙe mata hannu ta ƙi saki. Da ta tafi Iya ta ce wallahi ba ta taɓa ganinta ba. Wani tsoho ɗan ƙabilar Ibo, abokin aikin Kawu ne a da, ya cire hula ya tsaya a bakin rumfa. Bai san addu'armu ba, amma da muka shafa shi ma ya shafa. Shi ya ja ni gefe ya ce mu daina tambayar baƙin nan inda suka san shi. "Your uncle no dey talk person matter," in ji shi. Kawu bai taɓa tona cewa wane ya kwanta a asibitin da yake aiki ba, to mu ma kada mu tona musu a kan tabarmarsa.

Inna, mahaifiyarmu, yayar Kawu ce. Ba ta yi ihu ba. Duk matar da ta shiga gaishe ta, abu ɗaya take ce mata: "Ni na goya shi."

Mutum ɗaya ne bai zo ba, kuma ya fi mu duka cancantar zama a wurin. Yayana, wanda nake bi. Yana kwance a asibitin masu taɓin hankali, asibitin da Kawu ya yi aiki har ya yi ritaya. Bayan an dawo daga maƙabarta manya suka zauna a ɗakin Inna, aka yanke cewa ba za a gaya masa ba, kada ciwon ya tashi. Baffa ya ce a ce masa Kawu ya tafi Kano. Ni aka ba saƙon, tunda ni ke da mota. Ban musa ba.

Kafin in faɗi yadda wannan ta ƙare, sai na faɗi wane ne Kawu, in ba haka ba ba za a gane girman abin da muka yi ba.

Ba likita ba ne, ba nas ba ne. Yana cikin ma'aikatan da ke wuni da marasa lafiya a ɗaki: su taimaka musu da wanka, su ga sun ci abinci, su raka su, su lura da wanda yanayinsa ya canza su gaya wa nas. A Legas aka haife shi, kakansa soja ne da ya sauka a nan bai koma ba. A unguwa akwai masu kiransa mai gadin mahaukata a bayan idonsa. Wata rana wani ya faɗa a gabansa a teburin mai shayi. Kawu bai ɗaga murya ba, ya ce, "Mai hawan jini fa, me kake kiransa? Ai da sunansa kake kiransa. To su ma an yanka musu rago."

Aikin ya bi shi har gida. In ya shiga ɗaki, idonsa ke fara gaisawa da bango kafin bakinsa ya gaisa da mutane. Ranar sunan 'yata ta fari, ana ta hidima, na tarar da shi a bayan gida ya ɗauke kwalbar fiya-fiya daga kan taga, ya tattara tsofaffin reza daga saman katanga ya ƙulle a leda. Na ce, "Kawu, ai nan ba asibiti ba ne." Ya ce, "Ka san zuciyar duk wanda zai shiga nan yau?" Iya takan yi ƙorafi: "Ka daina kallona haka, ni ba majinyaciyarka ba ce. Barci ne ban yi ba saboda sauro." Kuma gaskiyarta. Zama da shi akwai gajiya. Ba ya yabo, ba ya hira mai tsawo, 'ya'yansa sun tashi suna shakkarsa fiye da yadda ya kamata. Haƙurin da yake kaiwa asibiti ba kullum yake dawowa da ragowarsa gida ba.

Ba ya tsayawa a kan mutum yana magana. Zai nemi kujera, in babu ya tsuguna, hannuwansa a buɗe a kan gwiwa inda za a gan su. Ba ya tare ƙofa, ba ya kuma bari a tare masa. In mutum yana hayaniya, shi sai ya ƙara rage murya, har sai mai hayaniyar ya yi shiru don ya ji me ake cewa. Yakan ce taron jama'a ya fi komai ɓata mara lafiya: "Mutum ɗaya ya yi magana. Sauran ku matsa, ba kallo ake ba."

Ya taɓa gaya mini cewa ƙirjinsa aka gani aka ɗauke shi aiki, ba kansa ba. A farkon zuwansa wani mara lafiya ya tashi da faɗa, Kawu ya kayar da shi rub da ciki, ya sa masa gwiwa a baya. Mutumin ya yi ta fizga, can ya yi laƙwas. Kawu ya ɗauka ya haƙura. Wata tsohuwar nas ce ta ture shi, ta ce a juya mutumin, ashe numfashi ke neman ɗaukewa. Allah ya sa da sauran kwana. Kawu ya ce tun daga ranar bai sake barin a kifa mutum a gabansa ba, a asibiti ko a tasha. "Wanda ka danne ya yi shiru, kada ka ce ya ji magana. Duba ko yana numfashi." Da yake ba ni labarin bai kalle ni ba, tafin hannunsa yake kallo.

Yaya tela ne, kuma gwani. Ciwon ya same shi da girmansa, bayan ya yi aure har ya rabu. Ciwon yakan tafi ya daɗe, sai ya dawo. In zai dawo barci ke fara guduwa, sai magana ta yi yawa, sai ya fara cewa ana bibiyarsa, ana sa masa abu a abinci.

Faɗan da Kawu ya yi da Inna a kan wannan ne, kuma da hannuna a ciki. Wani lokaci Yaya ya ƙi shan ƙwayoyinsa, ya ce suna sa hannunsa rawa, ba ya iya sa zare a allura. Inna ta ce in daka mata su. Na murƙushe su da bayan cokali, ta zuba a kunun gyaɗa. Mun yi haka muna ganin dabara muka yi, har ranar da ya ga farin gari a gindin kofi. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye kofin, ya daina cin komai daga gidan. Burodin da ba a buɗe ba da ruwan leda, shi ke nan. Ya rame har wuyansa ya fito.

Kawu ya zo ya tarar da Inna tana tsince shinkafa.

"Inna, me kika sa masa a kunu?" Haka yake kiranta tun da aka haife mu.

"Maganinsa. Guba na sa?"

"A wurinsa guba kika sa."

"Ni na haife shi. In zuba ido ya lalace?"

"Ciwon yana gaya masa ana sa masa abu a abinci. Muna ta fama mu nuna masa ba haka ba ne. Ke kuma kika tashi kika yi wa ciwon shaida."

"Kai da na share wa majina, kai za ka koya mini riƙon ɗa?"

"Ki share mini har gobe, ban hana ba. Amma yanzu in ya ji yunwa hannun wa zai karɓa?"

Sai ya juyo kaina. "Kai kuma Auta ban yi mamakinka ba. Mutumin da ke wuni yana cewa saura mutum ɗaya mota ta tashi, alhali ba kowa a ciki sai 'yan kamasho."

Inna ta ce ya fita mata daga gida. Ya fita. Ba su sake magana ba sai da Sallah ta haɗa su, kuma ko a ranar ba wanda ya ba wani haƙuri. Amma washegarin faɗan Kawu ya je shagon Yaya da tuwo daga gidansa, ya wanke hannu, suka ci a kwano ɗaya. Ya ce masa, "An sa maka magani a kunu, gaskiya ne, ba mafarki ka yi ba. Sun yi kuskure, tsoro ne ya sa su. Maganar rawar hannu kuma, ni ba ni da ikon canza magani, ba aikina ba ne. Amma zan raka ka ka faɗa wa likita da bakinka." Suka je, likita ya saurara, aka gyara masa. Tun daga nan duniyar Yaya ta rabu biyu: abin da Kawu ya faɗa, da abin da sauranmu muka faɗa. Na farko yana ɗauka ba bincike. Na biyu sai ya kai wa Kawu ya tabbatar.

Akwai abin da yake masa wanda ban taɓa ganin an yi wa mara lafiya ba. In ya lura barci ya fara guduwa, sai ya je shagon ya zauna a ƙaramar kujera kamar mai jiran ɗinki. Can ya ce, "Ba ka barci ko? Ina so in tafi da almakashi da reza in ajiye maka. Ba don kai mugu ba ne. Ka yarda?" Wani lokaci Yaya ya yi ta gardama, Kawu ya zauna har ya miƙo da kansa. Bai taɓa ɗauka a ɓoye ba. Kuma in lafiya ta samu, shi zai dawo da su da hannunsa, a nannaɗe a ƙyalle. Ya kai an wasa, an sa mai. Yaya ya gwada a kan yadi ya ce, "Kawu, ashe ciwon nan yana da amfani." Kawu ya ce, "Ɗinka mini aljihun nan, surutu ya isa."

A gabana ya taɓa tambayarsa, ba kwana-kwana, "Kana tunanin ka kashe kanka?" Na ce subhanallahi, Kawu, wace irin magana ce wannan. Ya ɗaga mini hannu. Yaya ya kalli ƙasa ya ce, "Wani lokaci. In na ji jirgi zai wuce." Gidanmu ba nisa da layin dogo. A hanya na ce wa Kawu ai ya sa masa abin a rai. Ya ce, "Tambaya ba ta shuka abin da babu. Yana ɗauke da shi shi kaɗai, yanzu mun zama mu uku. Daga yau ba a barinsa shi ɗaya, kuma gobe za mu asibiti."

Wannan kwanciyar ta ƙarshe ma shi ya kai shi. Ni na ja motar, ba fasinja. Kafin mu shiga na fara cewa, "Yaya, zo mu ɗan zaga gari." Kawu ya katse ni. "Ba gari za mu zaga ba. Asibiti za mu, kuma ina jin za su riƙe ka. Ban san tsawon kwanakin ba. Duk ranar ziyara zan zo." Yaya ya zage mu, ya ce mun haɗa baki, ya buga ƙofar mota. Amma da ƙafarsa ya shiga. A gosulon hanya har yana gaya wa Kawu cewa direban nan bai iya tuƙi ba, Kawu yana cewa ai tun yana yaro haka yake.

Wannan mutumin ne muka ce ya tafi Kano ba sallama.

Ranar ziyara na je ni kaɗai da kular abinci. Yaya ya fito da kayan asibiti, ya ɗan yi ƙiba, idonsa ya kwanta. Ya leƙa bayana.

"Ina Kawu?"

"Ya tafi Kano."

"Kano? Mutumin da ko Ojota nan kusa sai an yi masa magiya? Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Wata 'yar hidima ce."

"Bai gaya mini ba." Ya buɗe kula ya duba. "To in ya kira ka, ka ce masa na fara barci. Zai ji daɗi."

Na ce to. Ban ji komai ba. Na zauna ina kallonsa yana cin abinci, na tattara kwanuka, na koma tasha na ci gaba da lodi. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne ya yarda. Karon farko ke nan tun maganar kunu da na faɗi abu ya karɓa bai nemi shaida ba, don wanda zai tambaya ba ya nan.

Ƙaryar ba ta tsaya inda aka ajiye ta ba. Ziyara ta gaba ya ce in kira masa shi a waya, na ce wayar ta faɗa ruwa. Ya tambayi ranar dawowa, na ce hanya ba kyau. Ya ba ni saƙo: a gaya wa Kawu hannun ya daina rawa, a gaya masa akwai wani sabon majinyaci da ba ya cin abinci kuma ba wanda ya zauna da shi yadda ya kamata. Ina karɓar saƙonnin ina fita da su, ban san inda zan kai ba.

Babbar nas ɗin ɗakinsu, wadda ake kira Sista, 'yar Filato ce, tana jin Hausa. Ta fara aiki Kawu yana dab da ritaya. Ita ta tare ni a baranda.

"Kai ne ƙaninsa ko? Mun ji rasuwar Baba, kawunku. Allah ya ba ku haƙuri." Na amsa. Ta ce, "Mun yi shiru ne don iyali ya kamata su faɗa. Amma ya fara tambayarmu. Jiya ya ce wa wani tsohon ma'aikaci, oga, ka ji labarin Kawuna? Mutumin ya ce ana kiransa, ya gudu. Ni in ya tambaye ni ido da ido ba zan ce Kano ba. Kuma mutanen Agege suna zuwa ziyara nan. Wata rana wani zai miƙa masa hannu ya ce ya haƙuri."

Na ce muna tsoron kada ciwon ya tashi.

"Zai iya tashi. Ba zan ce maka ba zai tashi ba. Amma a nan akwai likita, akwai mu, ba layin dogo. Kuna so ya ji a nan, ko ranar da ya koma gida ya tarar da Iya cikin takaba?"

Na kai maganar gida, aka taru a wurin Iya. Baffa ya ce mara lafiya ba a ɗora masa kaya, a bari ya warke tukuna, su ma'aikatan asibiti ba su san halinmu ba. Inna ta ce, "Na binne ƙanina. Ba zan binne ɗana ba." Ban ga laifinta ba, har yanzu ban gani ba. Ita ta kwana a bakin ƙofarsa lokutan da ba a barinsa shi kaɗai. Iya tana gefe a kan tabarmar takaba, ba ta sa baki a maganar danginmu tun da aka kawo ta. Ranar ta sa. Da Hausarta mai karkata, da yake ba Bahaushiya ba ce, ta ce, "Maigidan nan bai taɓa zuwa ko'ina bai yi sallama da yaron nan ba. Sai da ya mutu kuka sa shi ya yi."

Baffa ya tashi ya sa takalmi. Inna ta juya fuska bango ta ce, "Ku yi abin da kuka ga dama." Ba izini ba ne, na sani. Da shi na tafi.

Sista ta ce ba a ranar ziyara ba, mutane sun yi yawa. Ta gaya wa likita, aka sa mini wata safiya bayan sun karya sun sha magani. Ta ce in faɗi kalmar kanta, kada in ce ya riga mu ko jiki ya yi tsanani, kada in bar masa wurin da zai yi ta juyawa. Ta ce kada in yi masa alkawarin sallama ko zuwa kabari, wannan ba a hannuna yake ba. Bayan na tafi za a sa ma'aikaci ya zauna inda zai riƙa ganinsa, har sai likita ya ce ya isa, kuma za a gaya masa dalili.

Ƙaramin ɗaki ne, kujeru uku, ba komai a kan tebur. Ta zauna daga gefe. Aka shigo da Yaya, ya kalle ta, ya kalle ni.

"Yau ba ranar ziyara ba ce."

"Yaya, Kawu bai tafi Kano ba. Ya rasu."

Bai motsa ba. Na ji fanka tana juyawa, na ji ana wanke kwanuka a wani wuri. Can ya yi salati a hankali, ya ce, "Ya sha wahala?"

"A'a. A benci, yana jin rediyo."

"Wa ya yi masa wanka?"

"Liman da babban ɗansa. Ni na zuba ruwa."

"An sami jama'a?"

"An samu. Har waɗanda ba mu sani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana murza bakin rigarsa tsakanin yatsu, kamar mai duba ɗinki.

"Ranar da ka zo ka ce Kano, ya riga ya mutu?"

"Eh."

"Na ce ka gaya masa na fara barci."

"Eh."

"Inna ce ta sa ka?"

Da na ce eh, da ba ƙarya na yi ba. Na ce, "An zauna an yanke. Amma bakina ne ya faɗa."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ni ina zaune kamar an dasa ni. Sista ta ce masa, "Ina nan. Yau za mu zauna kusa da kai, saboda labarin yana da nauyi. In wani tunani ya zo maka, ka gaya mini." Ya ce ya ji. Sannan ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, "Tashi ka tafi, Auta."

Na kalli Sista, ta yi mini alama da kai. Na tashi. Na kai bakin ƙofa ya kira ni.

"In Inna ta mutu fa?"

Na ce, "Zan zo in gaya maka a ranar, kafin a sallace ta."

"Ko ina nan?"

"Ko kana ina."

"Ko Baffa ya hana?"

"Ko ya hana."

Ya kalle ni a karon farko tun da na faɗi maganar. Bai ce ya yafe ba, ban kuma roƙa ba. Ya ce, "Za mu gani."

Ciwon ya ɗan motsa bayan nan, barcin ya sake guduwa, aka ƙara masa kwanaki. Bai daina cin abinci ba, bai ƙi magani ba. Yana can asibitin har yanzu, ina zuwa.

Amma a ranar, da na koma gida, na tarar da Inna zaune a bakin gado da carbi, ko mayafi ba ta cire ba tun safe. Ta ce, "Me ya ce?" Na gaya mata duka, har tambayar ƙarshe, ban rage ba. Sannan ta ce, "To ka cika masa."

Allah ka jiƙan Kawu, ka yafe masa zafin da ya yi wa na gida saboda sanyin da ya yi wa na waje. Ka rufa masa asiri a kabari yadda ya rufa wa bayinka. Mu kuma da muka yi masa ƙarya yana kwance a kabarinsa, ka yafe mana.